Hannun Yaya da Famfon Rowa

Masu cewa wanki aikin mata ne ba su taɓa ɗaga jiƙaƙƙen zanen gadon asibiti tun hantsi har la'asar ba. Ni na ɗaga, shekara da shekaru, a wani gidan wanki da guga a Dutsin-Ma, kuma har gobe in hadari ya haɗo kafaɗata ce ke fara gaya mini. Ba na tuna zamanin nan da wani daɗi. Gajiya ce zalla, a kwanta da ita a tashi da ita, ga warin sabulu ya kama jiki har matata ta gaji ta daina magana a kai.

Gidan na wani Alhaji ne, a shekarun nan da kuɗi suka shigo ƙasa kowa ya wayi gari ɗan kwangila. Shi ya samu wankin zannuwan asibiti da na makarantun kwana da na wani masaukin baƙi. Ba mu cika ganinsa ba. Mai kula da mu wata Kirista ce daga kudancin Zariya, Madam muke ce mata, doguwa, ba ta da yawan dariya, amma ban taɓa jin ta zagi kowa ba. Babban mai wanki kuwa yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya kawo ni wurin bayan na yi aure gona ta kasa riƙe ni.

Yaya ɗan fari ne, ni auta. Wanda ya tashi a gidajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Innarmu, can gida Kurfi, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta dubansa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. "A ce wa wani tuwo ya sauka." "Wani ya ɗauko ruwa." Haka muka riƙa ji har muka girma. Ni kuwa a cinyarta na yi wayo, sunana ba ya barin bakinta. Ban taɓa jin Yaya ya yi ƙorafi ba, don kunyar ɗan fari ce, kowace uwa haka take yi.

Sana'ar Inna sabulun salo ne. A ƙona kara, a zuba tokar a tukunya mai huji, a bi ta da ruwa ya yi ta ɗiga a ƙwarya. Ruwan tokar nan shi ne komai. In ya yi ƙarfi sabulu ya ci fata, in ya yi lami sabulu ya ƙi haɗuwa. Inna ba ta da ma'auni sai yatsa. Ta tsoma guda ɗaya, ta murza da babban yatsa ta ji santsinsa, nan take ta ɗauraye a ƙwaryar ruwa da ke gefenta, sannan ta san ko a sirka ko a bari. Yaya ya tashi yana tsaye a bayanta yana kallo. Ba ta taɓa ce masa ga yadda ake yi ba, amma takan ɗan ɗaga hannun yadda wani zai gani. Abin da ya gada a wurinta ke nan, ya kuwa riƙe shi gam.

Da tsufa ya zo, yanar ido ta rufe mata gani. Sai ta ɗauki wata ɗabi'a, duk wanda ya shigo ɗakinta gaisuwa sai ya miƙa hannu ta laluba ta san ko wane ne. Ni nan take take gane ni, da ƙaramin yatsana da ya karkace. Yaya kuwa yana da tabon lauje a gindin babban yatsansa na dama. Tun daga takunsa a zaure ta san shi ne, wallahi ta sani, amma sai ta kama hannun ta yi ta juya shi, ta bi tafin, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar tabon ya ɓace mata, sai can ta same shi ta ce, "Au, wani ne." Ta saki. Mutum da furfura a gemu, sai ka gan shi ranar kasuwar Kurfi tun da sassafe yana shafa wa hannu man kaɗanya kafin mu hau mota. Na taɓa tsokanarsa na ce, "Yaya, zance za ka ne?" Ya zabga mini harara, ban ƙara ba. Sai daga baya na gane, tun da aka yaye shi wannan ne kaɗai lokacin da uwarsa ke taɓa shi.

Farkon zuwana gidan wanki da sabulun sanda muke aiki, da ɗan soda, da bula. Wahala ce, amma wahalar da muka sani. Da kaya suka yi yawa sai Alhaji ya fara kawo wani ruwan sabulu a duro. Kauri gare shi kamar man gyaɗa, ga wari mai hawa kai. Madam ta karanta rubutun jikin duron ta ce abu ne mai ƙarfin gaske, kaɗan ake sawa cikin ruwa mai yawa. To kaɗan ɗin nawa ne? Oho. Sai mutum biyu su karkata duron, wani ya tara gwangwanin madara, ya cika ya zube, ya fantsama a ƙafa, a hannu, a riga. Duk inda ya ɗiga a fata sanyi za ka fara ji, can anjima wurin ya ɗau raɗaɗi.

Babban laifin ruwan nan a wurinmu shi ne ba ya kumfa. Mu kuwa tun muna yara mun san in babu kumfa babu wanki. Akwai manyan komaye na siminti da muke jiƙa kaya a ciki. Yaya ya dubi kominsa, ruwa kwance shiru kamar na rijiya, ya ce an cuci Alhaji an sayar masa da ruwan banza. Ya ƙara gwangwani. Ya zura hannu ya murza. Ya sake ƙarawa. Santsin ruwan tokar Inna yake nema, yana kuwa samu, har ma fiye da nata. Abin da ba mu sani ba, sai da Madam ta faɗa mana, santsin nan ba na sabulu ba ne kaɗai, fatar yatsunsa ce ke narkewa.

Madam ce ta matsa wa Alhaji lamba har ya sayo famfo. Ba wani abin a zo a gani ba ne. Dogon bututu ne da ke shiga duro har ƙasa, da murfi mai murɗi da ke toshe bakin duron ruf, da mariƙi da ake dannawa, da ɗan tiyo mai kai sabulun kai tsaye cikin komi ba tare da ya taɓa kowa ba. In ka danna, gwargwado ɗaya yake fitarwa kullum, ko cikin fushi ka danna ko cikin raha. Ta sa aka ja layi da jan fenti a cikin kowane komi. Ta tara mu ta ce ruwa ne farko har ya kai layin, sabulu daga baya, kada a juya. A danna sau ɗaya, a motsa da wata doguwar muciya da ta sa kafinta ya sassaƙa. Sannan ta raba mana safar hannu ta baƙar roba mai kaiwa har gwiwar hannu.

Ta danna da kanta don mu gani. Yaya ya leƙa komin, ya ɗago.

"Shi ke nan, Madam?"

"Shi ke nan, Malam."

"Wannan ɗigon ne zai fitar da jinin mai jego?"

"Zai fitar."

"To ki gaya wa Alhaji, in rowa yake ji ya fito fili ya faɗa. Ba sai ya sayo mata inji ba."

Aka kwashe da dariya, har da ni. Daga ranar sunan abin ya koma famfon rowa. Madam ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam, ba don ruwan duro na sa aka sayo shi ba. Don hannunka ne. Dubi hannunka, don Allah." Yaya ya mayar da hannuwan bayansa, ya ce lafiyarsu ƙalau.

Ni dai na bi famfo, ba don na fi kowa hankali ba, don na gaji da karkata duro ne. Kuma gaskiya ɗaya ce, zannuwan komina fes suke fita. In an shanya su a igiya babu mai bambanta nawa da na Yaya, sai dai nasa sun fi saurin yagewa. Na nuna masa. Ya ce ido ba ya ganin dauɗa duka.

"Auta, marar lafiya ne zai kwanta a kai," in ji shi. "In ban ji da hannuna ba, da wane baki zan ce na wanke?"

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da wauta ce zalla, da na zage shi a zuciya na huta. Amma amana yake gani. Sai ya jira Madam ta zagaya wajen masu guga, ya danna famfon ya sake dannawa, ya yi ta dannawa kamar mai bugun rijiya, sannan ya naɗe hannun riga ya zura hannu har gwiwa yana murzawa. Safar kuwa ya ce zufa take tara masa, kuma mutum ba ya jin komai a cikinta. Kwana biyu ta ɓace. Ran nan na bi shi Makera, inda yake noma a gonar surukansa, sai ga shi sanye da ita yana saran ƙaya yana yin shinge. Ya ɗaga mini hannuwan yana murmushi. "Ka ga inda take da amfani!" Kai jama'a! Ban san lokacin da na juya kekena na kama hanya ba, ko ruwan gidan ban sha ba.

Hannun bai lalace rana ɗaya ba, shi ya sa ya samu damar musu. Fatar ta fara yin fari fat, ta saɓule, ta tsattsage. Farata suka yi laushi suna ɓarewa. In zai yi alwala sai ka ga ya cije leɓe, idanunsa sun kawo ruwa, har liman ya ce masa addini bai ce ya kashe kansa ba, ya yi taimama. Tuwo ya gagare shi, don da ya tsoma hannu a miya yaji zai shiga tsagar. Ya koma cin tuwo da cokali, kuma don kada a gani ya daina fitowa ƙofar gida cin abinci da maƙwabta. In an fito masallaci ana gaisawa, wuyan hannu yake miƙawa. Wasu suka fara cewa babban mai wankin Alhaji ya soma girman kai.

Sai ya daina zuwa Kurfi.

Satin farko ya ce aiki. Na gaba ya ce gona. Daga nan bai ma ƙara kawo dalili ba, sai dai in ya ga na shirya ya ce, "A gai da su." Ni ne mai zuwa in durƙusa gaban Inna ni kaɗai. Ta taɓa karkataccen yatsana ta sa mini albarka, amma kunnenta yana zaure. Ba za ta iya tambayarsa ba, kunya ba za ta bar ta ba. Sai ta zagayo.

"Mutanen Dutsin-Ma duk lafiya?"

"Lafiya lau, Inna."

Ta sake tambaya, "Duk da duk?"

"Duk da duk."

In zan tafi ta laluba ƙarƙashin gado ta jawo ƙullin ƙuli-ƙuli. "Ungo, ko akwai mai so." Ni ba na cin ƙuli-ƙuli, kuma ta fi kowa sani. Haka na yi ta ɗauko ƙulli ina kawowa, rani ya wuce, damina ta sauka. Na gaji da ƙarya, na gaji da wanki, na gaji da Yaya, har na fara jin nauyin ranar kasuwa tun kafin ta zo.

Wata ranar dai na fashe. Na same shi a bakin komi hannu tsundum a ruwa, na manta da cewa yayana ne. "Yaya, don girman Allah! Tsohuwar nan kullum kunnenta a zaure, kai kana nan kana dafa hannunka!"

Bai ko ɗago ba. "Bari ya warke tukuna in je. Ba za ta taɓa shi a haka ba."

"Ta yaya zai warke? Ka gaya mini ta yaya!"

Hayaniyata ce ta jawo Madam. Ta zo ta tsaya, ta ce ya fito da hannun. Ya fito da shi. Ta daɗe tana kallo, sannan a hankali ta ce, "Malam, daga yau ka bar komi. Shanya za ka koma." Ya ce shi da ya koya wa kowa wanki a gidan nan? Ta ce ko ya koma shanya ko ta kulle duron kowa ya tafi gida. Da ƙafarta ta raka shi asibiti, aka wanke aka shafa magani aka naɗe da bandeji. Ya daina yi mini magana har tsawon wani lokaci, ni ma ban nema ba. Ga lokacin ya zo da tsuke bakin aljihu, an rage ma'aikata, aikin mutum biyu ya dawo kaina. Ina dawowa gida sai in zube.

Hannun ya warke, in dai wannan ne warkewa. Ciwon ya bushe, wata sabuwar fata ta fito, sumul, tana sheƙi, ta ɗaure yatsun ba sa dunƙulewa sosai. Na ce to alhamdu lillahi, ranar kasuwa sai mu tafi. Ya ci gaba da shanyarsa. Can da la'asar muna kwashe shanya ya ja ni bayan zannuwa inda ba mai ganinmu, ya miƙo mini hannun dama.

"Auta, duba mini. Idona ne, ko babu shi?"

Na duba gindin babban yatsan. Na juya shi wajen haske. Tabon lauje ya tafi tare da tsohuwar fatar, ko alamarsa babu.

"Babu shi, Yaya."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki kwandon kaya ya wuce. Ranar kasuwa na sake tafiya ni kaɗai.

Wajen kaka Inna ta kwanta. Ba wani ciwo ba ne mai suna, jiki ne ya gaji. Ran nan da na zo tafiya ba ta jawo ƙulli ba. Ta riƙe rigata ta ce, "Auta, in ka koma, ka ce wani ya zo." Tunda nake ban taɓa jin ta aika masa kai tsaye haka ba. Na isar da saƙon yadda ta faɗa, ban ƙara ko kalma ba. Washegari da safe na same shi a shirye, yana zaune bakin gado yana shafa man kaɗanya a hannun da ba ya shan mai.

Muka shiga a-kori-kura tare da buhuna da awaki. Har Kurfi hannunsa yana cikin aljihu. A zaure ya cire takalmi ya riƙe, ya shiga sanɗa, ni ban san me yake nufi da hakan ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Na fara shiga. Inna tana kwance, aka tayar da ita zaune. Ta taɓa yatsana. Sannan Yaya ya durƙusa, bai yi magana ba, ya miƙa hannu.

Ta kama. Ta bi tafin, ta je gindin babban yatsa, ta tsaya. Ta sake dawowa. Wannan karon ba wasa take yi ba, nema take da gaske. Sai ta saki hannun da sauri, ta jawo mayafi ta rufe kanta, ta canza murya irin wadda ake yi wa baƙo.

"Sannu da zuwa, Malam. Auta, baƙo ka kawo mana ba ka faɗa ba? A ba shi tabarma."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaya yana durƙushe, hannun a miƙe yadda ta bar shi. Sai ya ce mata:

"Inna, ni ne."

Ta miƙo hannu tana lalube har ta sake kama shi, da hannu biyu yanzu. Ta murza fatar tsakanin yatsunta, yadda take murza ruwan toka. Ta kai hannun hancinta.

"Wanga cin toka ne," in ji ta. "Mi ka yi wa kanka?"

"Ka" ta ce masa, kai tsaye. Ba "wani" ba. Yaya ya ce ruwan wanki yake gwadawa, yadda ake gwadawa.

"Da wane yatsa?"

"Duka, Inna."

"Ni da guda na nuna maka. Kuma ƙwaryar ruwa tana gefena. Ba ka ga ƙwaryar ba?"

"Ban lura ba."

"A'a," in ji ta. "Ni ce ban faɗa ba."

Sai ta kira sunansa. Sunansa na yanka, wanda aka raɗa masa, ba zan rubuta shi a nan ba. Na sunkuyar da kai, kunya ta kama ni kamar ni na yi laifi. Matar kawunmu da ke bakin ƙofa ta juya ta fita. Yaya bai amsa ba, ina jin bai san yadda ake amsa mata ba. Ta sake kira. Sai a lokacin ya ce, "Na'am, Inna." Ba ta saki hannun ba har aka kira la'asar, kuma ba ta sake neman tabon ba.

Da yamma muka samu motar ƙarshe. Na gaji tiɓis, ina tunanin tulin zannuwan da ke jirana da safe, da famfon da zan danna, da kafaɗata. Yaya yana gefena a kan buhun dawa, hannun a kan gwiwarsa, bai mayar da shi aljihu ba. Sai da muka fara hango duwatsun garinmu ya matso kusa da kunnena saboda ƙarar mota.

"Auta," ya ce, "ashe ta san sunana."